Wanda Ya Fara Janye Buhunsa

Akwai wani manomin albasa wanda gonarsa ke can saman kogi, shi ruwa ke fara iskowa. Su bakwai ne ke noman rani a wurin, kowa yakan tare ruwa da buhunan yashi ya juya shi cikin gonarsa. Amma tun kakanni suna da ka'ida: kowace Laraba a janye buhuna, ruwa ya gangara zuwa wani gurbi mai zurfi inda ayu ke zama. Ayu kuwa, dabbar nan ta ruwa mai cin ciyawa, biyu kacal suka rage a kogin.

Wata shekara rani ya yi tsanani. Laraba uku a jere, ba wanda ya taɓa buhu.

Sai ga tsohon sarkin ruwa ya zo yana haki. Ya ce, "Ɗana, bayan ayu ya fito fili, rana tana gasa su. Nan da jibi sai gawa."

Manomin ya ce, "Baba, ko na buɗe, na ƙasa da ni ne za su shanye. Fara da su mana."

"Ai daga wurinsu nake. Su shida bakinsu ɗaya, wai sai na sama ya buɗe."

Ka ji mutane! Kowa ya zuba wa wani ido, dabba tana mutuwa.

Manomin ya dubi albasarsa, ganye ya yi yaushi. Tsoro ya kama shi sosai, don abincin gidansa ke nan. Duk da haka ya tuɓe riga, ya shiga, ya janye buhunansa, sa'an nan ya bi ruwan a ƙafa. Maƙwabcinsa ya gan shi jiƙe sharkaf, kunya ta kama shi, ya buɗe nasa. Haka na uku, haka na huɗu, har na bakwai. Kafin la'asar ruwa ya rufe bayan ayu.

Rabin albasarsa ta ƙone a shekarar, ba zan ɓoye muku ba. Amma ayu sun rayu, da damina aka gan su da ɗa.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Ruwan nan shi ne duk abin da Ubangiji ya ba mu amana, ayu kuma su ne marasa baki da ke rayuwa a kan abin da muka saki. Sau da yawa ba mugunta ke hallaka su ba, jira ne. Yesu bai jira mu gyaru ba kafin ya ba da kansa. Kai da ke cewa sai wane ya fara, ka sani shi ma kai yake jira. Tashi ka fara.