Tabarma a Cikin Jirgin Fito

Akwai wani mutum a bakin kogi mai jirgin fito. Jirgin ba na itace ba ne, irin na zamani ne da ake yi da zaren gilashi, a jera shi shimfiɗa bisa shimfiɗa, a haɗe da ƙaro har ya daskare. Irin wannan jirgi munafuki ne. In ya bugu, shimfiɗun sukan rabu daga ciki, fenti kuwa yana nan sumul.

Wata rana jirgin ya daki dutse. Mutumin ya ji bugun har cikin haƙoransa. Ya duba bai ga tsaga ba, sai ya ja bakinsa ya yi shiru, gama kaka ta yi, ba ya so a ce ya ajiye aiki.

Ana nan sai mai duba jirage ya zo da na'urarsa. Na'urar tana aika wani siririn sauti da kunnen mutum ba ya ji. Inda jikin jirgi yake lafiya, sautin yakan ratsa har ƙasa ya komo. Inda ya rabu, sai ya komo da wuri. Mai jirgi ya tarbe shi da fara'a, ya shimfiɗa tabarma daidai wurin bugun, ya zauna a kai.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, duba ko'ina."

Mai dubawa ya bi gaba da baya, ya bi gefe da gefe, sa'an nan ya ce, "Maigida, ɗan gusa in auna nan."

"Haba, nan da nake zama kullum? Lafiya lau yake."

Mai dubawa ya tattara kayansa ya ce, "Inda ka bar ni na auna, ba aibi. Sauran kuwa, kai ka sani."

Ran kasuwa jirgin ya cika da mutane da buhunan masara. Mahaifiyar mutumin ta zo fito, ya zaunar da ita a kan tabarmar don girmamawa. A tsakiyar kogi ƙasan jirgin ya buɗe. Masunta suka tsamo kowa da rai, ban da ita.

To, ga ma'anar misalin. Jirgin shi ne zuciyar mutum, sautin kuwa Maganar Allah ce, wadda take ratsawa inda ido ba ya kaiwa. Yawancinmu ba ma ƙin a bincike mu. Mukan zo sujada, mu ce "Amin" da ƙarfi, mu buɗe ko'ina sai wuri guda, wanda mun riga mun san shi sarai. Abin baƙin ciki, ran da wurin nan ya buɗe, ba lalle mu ne za mu nutse ba, sau da yawa wanda ya amince da mu ne. Ɗan'uwa, tashi daga kan tabarmar tun jirgin yana bakin gaɓa.