Manomin da Ya Sayo Gayya a Cikin Kwamfuta

Ku gyara zama, ku na bencin baya kuma ku bar ƙus-ƙus. Misalin yau ya fi na makon jiya daɗi, na makon jiyan ma ai daga bakin nan ya fito.

Akwai wani mutum, manomi, yana da gona a gindin tudu, gona mai albarka da ya gada wurin ubansa. Sai kwazazzabo ya buɗe baki a gefenta. Kowace damina ruwa ya gangaro ya yagi rabonsa, yau kunyoyin dawa, gobe bishiyar mangwaro har da saiwarta. Mutumin ya jera duwatsu a nan, ruwa ya bi ta can. Ya tare can, ruwa ya zagayo ta bayansa kamar abokin wasa. In aka ƙara damina ɗaya a haka, gonar za ta rabe biyu, rabi ya tafi rafi.

Sai ƙungiyar manoman garinsu ta ara masa ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama. Jirgi ya yi ta shawagi, ya kwaso hotunan gonar rututu, kowanne ya hau gefen ɗan'uwansa. Suka ba shi manhajar da ke ɗinke irin waɗannan hotuna su zama taswira mai tudu da kwari, har mutum ya ga hanyar ruwa tun hadari bai haɗu ba. Suka ce masa, "Sai dai tsohuwar kwamfutarka ba za ta ɗauka ba. Nemi mai furosesa mai ƙarfi." Furosesa kuwa shi ne ƙwaƙwalwar injin, shi ke yin lissafin duka.

To, mutumin nan sarkin gayya ne. Noma, gayya. Girbi, gayya. An ce ko kazarsa ce ta ɓata sai ya aika a kira makaɗi. Kullum maganarsa ɗaya ce, hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Ya shiga birni, ya sami wani mai shagon kwamfuta. Mai shago ya ce, "Baba, wane aiki za ka ba ta?"

Ya ce, "Kai dai nuna mini babbarsu, ɗana. Aikina ya fi ƙarfin bayani."

Mai shago ya ce, "A cikin kowane furosesa akwai ƙananan ma'aikata. Wannan nasa ba su da yawa, amma kowanne barewa ne wajen gudu. Wannan na tsakiya yana da su daidai gwargwado, kuma suna da sauri. Wancan kuwa ɗan gwanjo ne, ma'aikatansa sittin da huɗu, sai dai kowanne tafiyar bijimin huɗa yake yi. Da za ka gaya mini aikin..."

Mutumin bai bari ya ƙarasa ba. Ya ce, "Sittin da huɗu? A cikin ɗan abin nan kamar biskit? Ba a dafa musu kunu, ba a biyan makaɗi? Ɗaure mini shi!"

Ya kawo gida, ya zuba hotuna, ya kunna. Aikin farko shi ne a duba kowane hoto a nemi alamu a cikinsa, dutse, kututture, suri. Wannan aiki ne mai rabuwa, kowa ya ɗauki hotonsa. Kafin shayinsa ya huce sun share shi. Mutumin ya fita ƙofar gida yana kiran maƙwabta su zo su ga ikon Allah. Ya ce har sarauta zai ba injin.

Sai aka zo wani mataki inda lissafi ɗaya yake jiran amsar na gabansa, ba a fara na biyu sai na farko ya ƙare. Nan tafiya ta koma ta hawainiya. Maƙwabta suka gaji suka watse. Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa, ɗan layin nan mai nuna ci gaban aiki ya ɗan motsa kamar mai jin kunya. Iska ta juya, shamuwa ta sauka a kan tsamiya, gabas ta soma yin duhu. Mutumin ya daina cin tuwo da daɗi.

Matarsa ta leƙo ta ce, "Baban Kefas, ina 'yan gayyar? Ko sun tafi cin kasuwa?"

Ya buɗe mata wurin da injin ke nuna ma'aikatansa, akwati-akwati a jere. Ɗaya ya cika fal yana haki, sauran kuwa kwance shame-shame.

Ta duba, ta tuntsire da dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce, "Maigida, ai wannan haƙar rijiya ce! Ko garin nan duka ka gayyato, mutum ɗaya ne zai shiga ƙasa da diga. Saura sai leƙe da ba da shawara. Kai kuma ka tura mai sanyin jiki."

Mutumin ya sake duban akwatunan. Can shi ma dariyar ta kama shi. Ya ɗaure injin a bayan babur, ya koma birni.

Wannan karon bai ce komai ya fi ƙarfin bayani ba. Ya zauna ya faɗi komai, gonar, kwazazzabon, sunan manhajar, yawan hotunan. Mai shago ya ce, "Baba, da ka faɗi haka tun farko! Wannan aiki naka rabinsa gayya ne, rabinsa rijiya. Kana bukatar hannuwa da dama, amma kowanne ya zama mai zafin nama. Kawo hotunan mu gwada a kan kowanne, ido ya gani." Suka duba abin da masu manhajar suka ba da shawara, suka gwada. Na tsakiyar nan ya wuce sauran fintinkau. Shi kuma ɗan gwanjon ba mugu ba ne, wani mai aikin da ke rabuwa tun daga farko har ƙarshe ya ɗauke shi yana murna. Aka musanya wa manomi injin.

Taswira ta fito, ga tudu ga kwari kamar ka sa hannu ka shafa. Ashe ruwan ba daga inda yake ta tarewa yake zuwa ba. Can saman tudu yake taruwa a wata tsohuwar hanyar shanu, ya biyo ta a ɓoye. Mutumin ya haƙa lambatu a wurin, ya jera duwatsu, ya karkata shi zuwa tafki. Da ruwan farko ya sauko, ya tsaya a bakin kwazazzabo ya ga ba abin da ke gangarowa sai 'yar tsiyaya. Ya cilla hularsa sama, ya shiga rawa a cikin taɓo, matarsa na rangaɗa guɗa, suna yi wa Ubangiji godiya.

Ma'anar misalin nan kuwa, ga ta. Manomin kai ne, ke ce. Gonar ranka ce, kwazazzabon kuma shi ne abin da ke cin ran nan a hankali, gaba ko ƙarya ko riƙo a zuci. Akwai aikin da Ubangiji ya ba mu na gayya: waƙa, ginin majami'a, ziyarar marar lafiya, ɗaukar nauyin gwauruwa. A nan yawa alheri ne, ku zo da yawa, ku zo da makaɗi. Amma akwai aikin rijiya. Tuba ba ta rabuwa. Ba a yi maka gafarta wa ɗan'uwanka. Ko ƙungiyar mata da ta matasa da dattawan ikilisiya duka sun kewaye ka suna tafi, kai kaɗai za ka sauka da diga. Wanda ya dogara ga cikar benci, ya bar zuciyarsa ta yi sanyin jiki, ya sayi ɗan gwanjo ke nan, damina kuwa ba ta jira.

Ku lura kuma, ba a ba mutumin abin da ya dace da shi ba sai da ya faɗi aikinsa a fili. Haka addu'a take. Ka bar cewa matsalarka ta fi ƙarfin bayani, ka kira ta da sunanta.

Saboda haka, in akwai wanda ba kwa ga maciji da juna, kada ka tura masa mawaƙa. Ka tashi daga nan ka tafi da ƙafarka, ka yi sallama da bakinka. Ka yi sauri kuma, lokacin abincin rana ne, mai neman sulhu ba ya rasa malmala.