Bakaniken da Matarsa Ta Yarda da Maganarsa

An yi wani mutum, bakanike, ba zan kama sunansa ba don 'ya'yansa suna raye. Garejinsa yana wani fili a bayan asibitin unguwa. Filin na asibiti ne, kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma ya daɗe a wurin har ƙasar ta yi baƙi ƙirin da mai, har bakinsa ya saba da cewa "filina". Ya iya aiki, wannan ba musu, sai dai bakinsa ya fi hannunsa sauri. Yana kwance a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani, amma labari bai fasa fitowa ba. Shi ya sa direbobi suka laƙaba masa Rediyo.

Ana nan sai asibitin ya samu taimakon gina sashen masu ciwon daji. Kafin nan, duk wanda ciwon ya kama sai an yi doguwar tafiya da shi, wasu ma a hanya suke cikawa. Aka zo aka ce wa bakanike ya tashi. Ba a wulaƙanta shi ba. An ba shi lokaci, har aka nuna masa wani wuri a tsallaken titi. Amma abin ya tsaya masa a rai. Shi da ya sha gyara motar ɗaukar marasa lafiya, shi za a ce wa tashi?

Ya koma tsallake yana hararar masu zuba kankare. Wata rana injiniyan ginin ya kawo motarsa gyara, hira ta yi daɗi, injiniyan ya ja shi ya nuna masa ɗakin da za a kafa na'urar da ke ƙona ciwon da haske. Bangon ɗakin, ko ka ware hannuwanka biyu ba za ka kai ƙarshen kaurinsa ba. Injiniya ya ce, "Ka gani? Ba abin da zai fita waje ya taɓa kowa. A ciki ma ciwon kaɗai ake aunawa."

Ya 'yan uwa, ku riƙe wannan. Mutumin nan ya gani da idonsa, kuma ya gane. Ba rashin sani ne ya ja shi ba.

Washegari direbobi suna zaune a benci suna jiran motocinsu, sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Kun ga kaurin bangon can? To me ake ɓoyewa? Injiniyan da bakinsa ya gaya mini, duk wanda ya shiga, kayan cikinsa ake dafawa. Ka fito da ƙafarka, bayan kwana biyu hanji ya zagwanye."

Aka yi salati, aka riƙe baki, shi kuwa ya ji sanyi a ransa. Kullum sai ya ƙara wa maganar gishiri. Direbobi suka ɗauka suka kai tasha, daga tasha ta shiga kasuwa. A gida ma ita ce hirar cin abinci, yara sun zaro ido, matarsa tana gefe tana saurare. Ita kuwa mace ce da ba ta taɓa shakkar maganar mijinta ba. Idan ya ce yau za a yi ruwa, ko rana na tsaga ƙasa sai ta kwashe shanya.

Aka gama gini, aka kafa na'ura, aka buɗe. Marasa lafiya suka riƙa zuwa ɗaiɗai. Idan ya hango kujerun jira babu kowa, dariya yake yi har da buga cinya.

Bai lura matarsa ta daina ɗaga bokiti da hannun dama ba. Bai lura ta koma yafa mayafi ko a cikin ɗaki ba. Ina mai surutu ya ga lokacin lura? Sai da babbar 'yarsu ta tare shi a ƙofar gida tana kuka ta ce, "Baba, Mama ba ta da lafiya, kuma ta hana ni faɗa."

Ƙullutu ne a nononta. Ta ji shi tun ana yi wa ginin filasta, ta yi shiru, har ya girma ya fashe.

Ya ce, "Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Na san inda za a kai ni."

Da kyar ya lallaɓa ta zuwa tsohon ɓangaren asibitin. Likita ta duba ta ce an makara ƙwarai, amma in aka fara yanzu akwai sauran fata: a yi aiki, sannan a sa ta a na'ura. Suka kama barandar da ta nufi sabon ginin, shi a dama, 'yar a hagu. Tana hango ƙofar ta cafke ƙarfen baranda da hannunta mai lafiya, ta ƙi gaba.

Nan ya durƙusa a gaban jama'a ya ce, "Wallahi ƙarya na yi. Duk abin da na faɗa ƙarya ne, haushin fili ne kawai. Ki taimake ni ki shiga."

Ta dube shi da tausayi ta ce, "Baban yara, tunda muke ban taɓa jin ka yi mini ƙarya ba sai yau. Na san sona kake yi, Allah ya saka maka. Amma ka mayar da ni ɗakina in mutu da kayan cikina."

Ya yi rantsuwa har muryarsa ta dishe. Ya roƙi likita ta yi mata bayani, matarsa ta ce ai likita ta 'yan asibitin ce. Ya nemo wata mata da ta warke a wurin ya kawo ta har gida, matarsa ta ce a dai jira a gani. A ɗakinta ta rasu, bayan wahalar da ba na son in kwatanta muku. 'Yar nan da ta ji abin da ubanta ya faɗa a baranda ba ta sake haɗa ido da shi ba. Ana share makoki ta tattara ƙannenta suka koma gidan kawunsu.

Ya shiga tasha, ya shiga kasuwa, yana janye maganarsa. Mutane suka ce asibiti ya saye shi. Hankalinsa ya bar kan aiki, ya ɗaure nan ya manta can, masu motoci suka watse. Ya koma wuni a bakin ƙofar asibiti cikin tsohuwar rigar aiki, yana roƙon mutane su shiga.

Wata safiya ya ga wata mata tana janye mijinta daga ƙofar, mutumin ya rame, wuyansa a kumbure. Ya sha gabansu ya ce, "Baiwar Allah, don Allah ki bar shi ya shiga, magani ne a ciki."

Ta ce, "Malam, rabu da mu. Ba ka ji labarin matar wani bakanike ba? A nan aka dafa mata ciki ta mutu. Mijinta ne ma ya tona asirin."

Ya ce, "Ni ne mijin. Ko ƙofar ba ta taka ba."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Allah ya ba ka lafiya." Ta tsayar da mota, ta sa mijinta, suka tafi.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ya yi nadama, kuma ƙofar tuba ba ni ke riƙe da ita ba. Amma wa zai dawo masa da matarsa? Mutum nawa ne suke kwance a ɗaka yanzu saboda maganarsa, waɗanda bai san ko fuskarsu ba? A ina zai same su ya nemi yafiya? Ƙaryar da ka yi don ka ɓata wa abokin gaba, ba shi ne zai fara yarda da ita ba. Wanda ya amince da kai ne zai karɓe ta hannu biyu, matarka ko ɗanka ko mahaifiyarka. Kuma ranar da ka zo da gaskiya, kana iya tarar da babu mai karɓa.

Ya Allah, ka tsare mana harsunanmu, ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, kada ka sa masu ƙaunarmu su halaka ta bakinmu. Allah ya kiyaye mu.