Lakar da Maman 'Yan Biyu Ta Kusa Zubarwa

Akwai wata mai shara da kowa ke kira Maman 'Yan Biyu. Bayan rasuwar mijinta ta sha yawon neman aiki kafin aka ɗauke ta a wani ɗakin bincike na jami'a. Satinta biyu kacal da farawa.

A ɗakin akwai wani akwatin gilashi mai ruwa, da laka a ƙasansa. Cikinsa wasu ƙananan jatan lande ne na ruwan tafki, ba su kai tsawon farce ba, suna iyo a rigingine. Dakta, mai ɗakin, shekara uku tana bincike a kansu.

Wata ranar Juma'a Maman 'Yan Biyu ta zare wata waya daga soket don ta goge bayan tebur, ta manta ba ta mayar ba. Wayar ɗan injin da ke hura wa akwatin iska ce.

Da safiyar Litinin ta leƙa akwatin. Babu mai motsi. Duk sun kwanta a kan laka.

Tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Sai ta tuna da wayar da ta zare. Ta ruga wurin abokiyar aikinta a baranda.

"Yaya, na shiga uku. Na kashe wa Dakta dabbobinta."

Matar ta waiga hagu da dama. "Wa ya gan ki? Maza ki zubar da lakar, ki wanke akwatin tas, ki ce haka kika tarar. In kika buɗe baki, yau za ki ajiye tsintsiyar nan."

Maman 'Yan Biyu ta koma ɗakin da bokiti. Ta tuna 'yan biyunta da ta bari da safe suna rigima kan takalmi ɗaya. Har ta ɗaga murfin akwatin. Sai ta mayar da shi, ta ture bokitin gefe, ta tsaya a bakin ƙofa tana sauraren kowane taku.

Da Dakta ta shigo, Maman 'Yan Biyu ta durƙusa. "Ranki ya daɗe, ni na zare wayar. Duk sun mutu."

Dakta ta wuce ta da sauri zuwa wurin akwatin. "Kin taɓa lakar?"

"Ban taɓa ba."

"Ki tabbata!"

"Wallahi ban taɓa ba."

Dakta ta zauna a kujera ta sauke ajiyar zuciya. "Tashi, Maman 'Yan Biyu. Waɗannan dama 'yan makonni suke rayuwa, lokacinsu ya kusa. Macen tana ɗaukar ƙwai a wata 'yar jaka ƙarƙashin cikinta, ta zube su cikin laka. Ƙwan yana jure bushewa na shekaru, sai ruwa ya dawo ya ƙyanƙyashe. Duk wahalata tana cikin lakar nan. Da kin wanke ta, da kin gama da ni."

Ta yi mata faɗa kan wayar, faɗa sosai. Amma ba ta kore ta ba.

Aka bar lakar ta bushe wata biyu. Ranar da za a zuba ruwa, Dakta ta miƙa mata kofin. Kwana biyu bayan haka ruwan ya cika da 'yan ɗigo-ɗigo masu wutsil-wutsil. Maman 'Yan Biyu ta manna fuska a gilashi tana dariya, hawaye na zuba.

Darasi: Tsoro yakan sa mutum ya ɓoye ƙaramin kuskure da babbar ɓarna. Faɗi gaskiya ko muryarka na rawa. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.