Sawun Kyanwa a Kan Sabuwar Jif

Akwai wani mai kantin tabarau da kowa ke kira Auta, ko da yake furfura ta riga ta ci rabin gemunsa. Yayarsa ce ta liƙa masa sunan tun yana rarrafe, kuma har yau ba a sami mai ƙarfin halin gyara mata magana ba. Mutumin kirki ne, ba ya cutar kowa, ba ya ɗaga murya. Aibinsa guda ɗaya ne: idan ya so abu, sai ya kasa amfani da shi. Yana da takalman da suka tsufa a cikin kwali ba tare da sun taɓa gaisawa da ƙasa ba. Shekarun da ya yi yana goge gilashi da ɗan ƙyalle mai laushi sun koya masa cewa a duniya babu masifar da ta kai kwarzane, kuma ya riƙe wannan karatu da kyau.

Yayar tasa ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu. Da mijinta ya rasu, Auta ya ɗauko ta ya ba ta ɗakin da ya fi kowanne iska a gidansa. Hawan jinin ido ya riga ya tafi da idonta na hagu. Na dama kuwa likita ya ce ganinsa yana tsukewa daga gefe a hankali, kamar ana jan bakin jaka. Auta sana'arsa ido ce, bai buƙaci a fassara masa maganar ba.

Buri guda gare ta. Tana son ta sake ganin gidan gonar da aka haife su, can bayan dutse, da layin mangwaron da mahaifinsu ya dasa a bakin rafi. Hanyar wurin yashi ce da duwatsu da ƙaya. Ƙaramar mota ba ta shiga, babur kuma bayan Yaya ba zai ɗauka ba. Saboda haka Auta ya sayar da wani filinsa ya sayo sabuwar jif mai jan tayoyi huɗu, ya kuma faɗa wa duk wanda ya tambaya dalili: "Don in kai Yaya gona." Ba ƙarya ya yi ba. Ranar da ya faɗa, haka yake a ransa.

Motar baƙa ce wuluk, tana ƙyalli, ga tsawo har sai mutum ya taka wani ƙarfe kafin ya shiga. Mai sayarwa ya nuna masa wani maɓalli kusa da giya: a murɗa nan don yashi, nan don laka, nan don duwatsu. Ranar da aka kawo ta gida, Yaya ta fito ta zagaya ta tana shafawa da tafin hannu. Auta ya bi ta a baya da ƙyallensa yana goge duk inda ta taɓa, cikin ladabi, yadda ba za ta gani ba. Da idon dama ta gan shi.

"Auta, wannan gimbiya ta san inda za a kai ta kuwa?"

"Don irin hanyar aka yi ta, Yaya. Ko kogi ne za ta ratsa."

"To yaushe?"

"Bari inji ya saba tukuna. Sabuwar mota ba a fara ta da wahala."

Injin bai sami damar sabawa da komai ba in ban da gareji. Auta ya ci gaba da zuwa kanti a tsohuwar ƙaramar motarsa mai tari. Gimbiya, domin sunan ya bi ta, tana fita ne kawai ranar hutu, ta zagaya unguwa a kan kwalta ta dawo. Ledar kujeru ma ba a cire ba, duk wanda ya zauna sai ya ji kamar an naɗe shi za a aika da shi wani wuri.

A kusurwar garejin matar Auta take ajiye buhunan abincin kajinta. A nan kuma wata kyanwa mai ruwan toka take kwana tun shekaru. Ba a taɓa ba ta albashi ba, ba a kuma taɓa ganin ɓera a wurin ba, amma babu wanda ya taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu a ransa. Wata safiya Auta ya buɗe gareji ya tarar da sawun ƙafa ƙanana a jere, sun tashi daga murfin inji, sun haye gilashi, sun ƙare a kan rufi.

Ya ƙwala wa matarsa kira.

"Wa ya bar kyanwar nan ta hau min mota?"

"Ba ta nemi izinina ba, Maigida."

"Dubi nan. Farce gare ta fa!"

"Tun da aka haife ta take da shi. Buhunan nan da kake gani ita ke gadinsu."

"To ta yi gadin daga waje."

Kafin rana ta take ya sa an toshe ƙarƙashin ƙofar gareji da katako, an buga raga a taga. Kyanwa ta zauna a bakin ƙofa ta yi kukanta na kwana biyu, sannan ta koma rufin kicin, kamar ma'aikacin da aka sallama ba tare da an faɗa masa laifinsa ba. Katakon ya isa ya hana kyanwa. Ramin da ya rage a gefensa ƙarami ne ƙwarai, Auta bai ga abin da zai iya bi ta nan ba.

Yaya kuwa ba ta daina tambaya ba, shi ma bai rasa amsa ba. Da rani ya ce ƙura za ta toshe matatar iska. Da zafi ya tsananta ya ce duwatsu masu zafi suna cin taya. Ya kuma ji labari cewa ƙayar hanya ta yi reshe har tsakiyar titi, ya kwana yana tunanin baƙin fenti. Duk dalilan nan akwai ƙanshin gaskiya a cikinsu, abin da ya sa suka yi masa sauƙin faɗa ke nan.

Wata safiya suna karin kumallo, ya ga Yaya ta ɗaga butar shayi ta tsiyaya a kan tebur, dab da kofi. Matarsa ta goge wurin. Da yamma ya dawo daga kanti da sabon tabarau, mafi kyau da yake da shi, ya saka mata da kansa.

"Yaya, yanzu fa?"

"Ya yi kyau, Auta. Ba shi da nauyi." Ta cire ta riƙe a cinya. "Amma ba gilashi nake nema a wurinka ba."

"Na sani. Ga hadari ya fara haɗowa. Laka ba ta da kyau ga ƙarƙashin mota. Da zarar damina ta ɗauke, ranar farko, na yi miki alkawari."

"Allah ya kai mu," in ji ta, "ni da idon."

Da ruwa ya sauka, Auta ya ji tsoron kada rufin gareji ya yi yoyo. Ya sayo ƙaton tamfol ya lulluɓe Gimbiya tun daga sama har taya, ya ɗaure da igiya. Ya daina ko zagayen ranar hutu, don kada ta taka ruwa. Kowace safiya yakan leƙa ya ga tamfol na nan yadda ya bar shi, hankalinsa ya kwanta. Ciki kuwa ga duhu, ga ɗumi, ga abincin kaji a kusa, ga shi babu kyanwa. Ko da gangan aka shirya wa baƙi masauki, da wuya a fi haka.

Damina na ƙarewa ya kai Yaya asibiti. Likitan ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ja Auta gefe.

"In akwai abin da take son gani, a nuna mata yanzu."

Auta ya dawo gida ya ce gobe za a tafi. Da sassafe Yaya ta riga kowa shiryawa, tana zaune a kan kujera a tsakar gida da jakarta a cinya. Matarsa ta haɗa abinci da ruwa. Ya kwance igiya ya yaye tamfol, sai ga Gimbiya tana ƙyalli kamar ranar farko, ko ɗigon kwarzane babu. Ya shiga ya danna maɓallin tayarwa. Fitilun gaban direba suka kama gaba ɗaya, ja da ɗorawa, irin waɗanda bai taɓa sanin akwai su ba. Inji ko tari bai yi ba. Ya sake dannawa. A lokacin ne ya lura da warin.

Ya buɗe murfin inji, karon farko tun ranar da mai sayarwa ya nuna masa. Wani abu ya yi tsalle ya bi ta tsakanin ƙafafunsa. A saman injin ga sheƙa an gina ta da kyau, da yagaggiyar ledar kujera, da tsakin kaji, da ƙyallensa mai laushi wanda ya daɗe yana nema. Wayoyin kuwa an gwaguye su har jan ƙarfen ciki ya fito.

Matarsa ta leƙo ta gefen kafaɗarsa.

Daga tsakar gida Yaya ta ɗaga murya. "Auta, ban ji ta tashi ba."

"Yanzu, Yaya. Ɗan ƙaramin abu ne."

Bakaniken da kamfani ya turo ya ce ba ƙaramin abu ba ne. Dukan damin wayoyin sai an sauya, kuma daga waje ake kawo shi. Ya ƙara da cewa garanti bai shafi ɓera ba, yana mai ba da haƙuri kamar shi ya rubuta dokar.

A daren matarsa ta ce, "Maigida, maƙwabcinmu ɗan kwangila yana da irinta. Ka roƙe shi ta kwana ɗaya."

"Ina da sabuwar jif a gida in je aron mota? Duk unguwa ta ji? An ce kayan na hanya. Kwana nawa ne?"

Kwanakin sun fi yadda aka ce, kamar yadda kayan da ke hanya suka saba. Kafin su iso, wata safiya Auta ya shiga gaida Yaya, ya same ta zaune a bakin gado.

"Auta, ɗaga min labulen nan mana. Yau gari ya ƙi wayewa."

Labulen a ɗage yake. Rana na kan fuskarta.

Da aka gama gyara, bai jira komai ba. Ya yage sauran ledar kujeru da hannunsa, ya ɗauki Yaya cak ya zaunar da ita a gaba. Da suka bar kwalta ya murɗa maɓallin nan, motar ta shiga yashi ta fita kamar ba ta san da shi ba. Ta hau duwatsu, ta ratsa rafi. Babu inda ta yi gardama. Wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai: ashe tafiyar da ya shekara yana ɗagawa ba ta kai rabin yini ba.

Da suka iso wurin ƙaya, reshe ya kama gefen motar ya bi ta da wata doguwar ƙara. Auta bai taka birki ba.

"Mene ne wannan?" in ji Yaya.

"Ƙaya ce."

"Ta ji ciwo?"

"Tun daga gaba har baya."

"Madalla. Yau ta zama mota."

A gonar ya riƙe hannunta har gindin mangwaron farko. Ta shafa bawon itacen, ta tsinki ganye ta murje ta sunsuna. Ta bi layin da hannu har ta tsaya a kan wani da ya karkace wajen rafi.

"Wannan shi Baba ya dasa ranar da aka haife ka. Ni na riƙe masa bokiti. Kai ka taɓa hawa ka karya masa reshe, Baba ya ce a bar shi, itace ba ya girma ba tabo." Ta ɗaga fuska sama. "Dutsen na nan?"

"Yana nan, Yaya."

"To faɗa min. Kai ne mai ido. Kada ka goge komai, faɗa min yadda yake."

Auta ya tsaya yana duban wurin. Ta jira shi, kamar yadda ta saba jiransa tun yana ƙarami. Can ya fara. Ya ce rufin ɗakin mahaifiyarsu ya rufta, ciyawa ta cinye tsakar gida, rafin ya fi da ƙanƙanta, mangwaro kuwa sun yi fure har ƙasa ta yi fari. Tana saurare tana gyaɗa kai. Ba ta ce masa ka ga abin da ka jawo ba, ba ranar ba, ba kuma daga baya ba. Da ta faɗa, wataƙila da ya fi samun sauƙi.

Da suka dawo gida ya cire katakon ƙofar gareji. Kyanwa ta ɗan ja aji na wasu kwanaki, sannan ta koma bakin aikinta. Har yanzu kowace safiya akwai sawunta a kan murfin inji, kusa da dogon kwarzanen da Auta bai yarda a shafe da fenti ba.

Darasin da ke cikin wannan labari ba mai wuya ba ne. Tattalin abu yana da kyau, amma idan tattali ya hana abu yin aikin da aka same shi dominsa, ya zama wata hanyar lalata shi, mai tsafta kawai. Mota tana son a tuƙa ta, a kuma leƙa cikinta, ba a tsaya ga ƙyallin fenti ba. Kafin ka kori wani daga inda ya daɗe, ka tambayi aikin da yake yi a wurin. Mafi girma kuma, alkawarin da ka yi wa mutum mai ƙarewar lokaci, ka cika shi yau, ko da da motar aro ne. Waya ana sauya ta, fenti ana sake shi, amma akwai abin da ba a kawowa daga waje komai daɗewar jira.