Ranar da Wanzami Ya Kasa Gane Ƙofar Kafinta

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne a fiƙihu da tafsiri, tsentseninsa ya kai ko alƙalamin aro ba ya kwana a hannunsa, kuma ba shi da yawan magana.

Daga karamominsa akwai abin da ya faru da wani kafinta mai ɗaukar karatu a wurinsa. Autar kafintan 'yar shekara biyar hakin wuya ya kumbura mata, zazzaɓi ya rufe ta, ko yawu ba ta iya haɗiyewa. Kakarta, wadda ba a ja da ita a gidan, ta ce a kira wanzami ya yanke, kamar yadda aka yi wa uban yana ƙarami. Aka shirya wanzami zai zo da hantsi, kafinta ya tafi neman addu'a.

Bai gama cire takalmi ba Shehi ya ce, "Mai gadin da ya ji ciwo wajen tare ɓarawo jinya ake masa, ba kora ba. Kai ta wurin likita."

"Allah gafarta Malam, Inna ta rantse yarinya ba ta fita sai an yanke. Wanzamin ma yana hanya."

"Bar shi a hanyar."

Wanzamin nan shekara ashirin yana aski a gidan kafinta, amma ranar sau uku yana wucewa ta gaban ƙofar, ga tarin katako, ga ƙarar zarto, bai gane ta ba. Da azahar ta gota, kaka ta gaji da jira, ta ce a tafi asibiti.

Likita ta haska bakin yarinyar, ta bayyana musu cewa wannan tsokar ta gefen maƙogwaro, da irinta a bayan hanci da cikin hanji, su ke fara tare ƙwayoyin cuta, su koya wa jiki yaƙarsu, kumburin kuwa alamar ana fafatawa ne. Ta ba da magani, ta sa aka gwada jini. Da sakamako ya fito ta dubi kafinta, ta ce, "Jinin 'yarka ba ya daskarewa da wuri. Da an sa mata aska, ba na jin za ku iso nan da ita."

Kafinta ya zauna a ƙasa yana kuka, kaka kuwa ta rungume jikar tana istigfari.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanar da bawanSa abin da ke ɓoye a jini. Ya Allah, Ka jiɓinci lamarin Shehi, Ka sa albarkarsa ta lulluɓe mu da 'ya'yanmu.