Maɗorin da Ya Kwance Ɗaurin Hannunsa

A wani gari an yi wani mutum maɗori, wato mai gyaran karaya. Wurin ubansa ya gaji sana'ar, shekara talatin yana yinta. In jaki ya ka da mutum, ko ƙafar tsohuwa ta goce a bakin rijiya, ƙofar gidansa ake nufa. Yakan shafa man shanu a wurin, ya lalubi ƙashin da yatsunsa, ya ja shi da ƙarfi har ya koma mazauninsa, sa'an nan ya jera tsagaggen kara ya ɗaure da tsumma. Doka ɗaya yake ba kowa: kwana arba'in ba a kwance ɗauri, ba a kuma aiki da gaɓar. Wanda ya ƙetare dokar nan kuwa yakan sha faɗa har ya manta da zafin karayar.

Ana nan, wata rana da rani ya hau gyaran jinkar rumbunsa, tsani ya zame, ya faɗo a kan hannunsa na dama. Tun kafin ya tashi ya san ƙashi ya karye. Matarsa Laraba ce ta ja hannun, yana gaya mata inda za ta riƙe, gumi yana zubo masa. Da ta gama ɗauri ta ce, "Maigida, yau dokarka ta hau kanka. Kwana arba'in." Ya ce, "Na ji."

A rana ta goma sha biyu, da hantsi, sai ga mai unguwa da jama'a sun ɗauko ƙanen mai unguwan a kan ƙyaure. Saniya ce ta harbe shi ta karya masa ƙwauri. To, ku lura da kyau. Akwai wani maɗori a garin gaba, wanda ya tashi da hantsi zai isa kafin tsakar rana. Amalanke kuma ga shi a ƙofar mai unguwa, shanunsa suna kwance suna tuƙa. Ba rasa hanya suka yi ba. Ƙyuya ce kawai, da sabo da mutumin da bai taɓa cewa a'a ba.

Laraba ta tare bakin zaure ta ce, "Ranka ya daɗe, ka sani hannunsa a ɗaure yake. A ɗaura shanu a kai shi garin gaba, ni zan ba da tabarma da ruwan sha."

Mai unguwa ya ce, "Haba, Laraba! Ga gwani a gida, mu kama hanya cikin ranar nan? Ja ɗaya ne fa." Sa'an nan ya ɗaga murya don na ciki ya ji, ya ce, "Baiwar nan Allah ne ya ba shi domin jama'a. Ashe baiwa ma tana zuwa hutu?"

Jama'a suka kama. Wannan ya ce uban maɗorin bai taɓa mai da mutum daga ƙofar nan ba. Waccan ta ce ai mata ke hana maza alheri. Wani daga baya ya ce girman kai ne ya shigo.

Maɗori yana zaune a ɗaki yana jin kome. Ba nishin mai karayar ne ya tashe shi ba, gama ya san karayar ƙwauri tana jure tafiyar rabin yini in an tallafe ta. Maganar girman kai ce ta soke shi, da ambaton ubansa. Kunya ta rufe shi. Ya dubi hannun, ya san sarai abin da zai gaya wa wani in da na wani ne. Amma ya sa haƙori ya kwance kullin tsumman, karan suka zube a ƙasa. Laraba ta juyo ta gan shi, ta ce, "Maigida, don Allah." Ya wuce ta, ya fita wurin mai karayar.

Ya durƙusa, ya kama ƙafar da hannu biyu, ya ja. Ƙashin mai karaya ya koma daidai. A cikin nasa hannun kuwa ya ji wani ɗan ƙas, irin wanda ya saba ji a jikin mutane. Ya jera kara, ya ɗaure, aka yi ta sa masa albarka, aka watse.

Kuna tsammani sun bar shi ya sāke ɗauri ya cika kwanakinsa? Ina! Kashegari wani ya zo da targaɗe, ya ce, "Ai jiya ka yi wa ƙanen mai unguwa." Bayan kwana uku wata ta kawo kafaɗar mijinta. Wanda ya buɗe wa babba, da wane baki zai rufe wa talaka? Haka ya yi ta ɗauri yana kwancewa, har ƙashin ya haɗe a karkace, yatsu uku suka ƙi lanƙwasuwa. Kafin damina ta faɗi, hannun da ya tā da rabin garin bai iya riƙe ƙotar fartanya ba.

Mutanen garin kuwa, ko a jikinsu. Nan da nan suka koyi hanyar garin gaba, har suna yabon sabon maɗorin, wai hannunsa ya fi taushi.

Wata safiya mai unguwa ya bi ta ƙofar gidan, ƙanensa yana biye da shi yana takawa garau, ko ɗingishi babu. Suka tarar da maɗori zaune, Laraba tana sa masa maɓallin riga. Mai unguwa ya tsaya, ya girgiza kai, ya ce, "Kai ma dai, malam, da saninka da kome! Ai da ka kula da kanka. Wa ya aike ka?"

To, ga abin da misalin nan yake nufi, kuma ba zan tausasa shi ba. Maɗorin nan shi ne duk wanda aikinsa ɗaukar nauyin mutane ne: nas da ungozoma, malamin makaranta, fasto da matarsa, dattijuwar da ake kai wa kowace rigimar aure. Hannun shi ne jikinku, da hankalinku, da iyalin da suke jiranku a gida. Kwana arba'in ɗin kuma shi ne hutun da kuke umartar wasu da shi, ku kanku ba ku taɓawa. Kada ku kira wannan tawali'u. Sau da yawa tsoron bakin mutane ne ya sa rigar ƙauna. Allahn da ya ba ku baiwa shi ne ya keɓe ranar hutu, bai kuwa ce ban da ku ba. Ubangijinmu kansa, sa'ad da yake duniya, yakan janye daga taro alhali da sauran marasa lafiya a layi. Cewa "Yau ba zan iya ba, ga wanda zai iya" ba zunubi ba ne.

Mai unguwa da jama'arsa fa? Mu ne, 'yan'uwa, kuma abin yana ba ni haushi ƙwarai. Mu ne masu tare nas a bakin coci ran Lahadi da takardar gwajin jini, ba ma tambayarta ko ta karya kumallo. Mu ne masu buga ƙofar fasto yana tsakiyar cin abinci da 'ya'yansa, a kan maganar da za ta iya jira har Talata. In ya ce mu dawo, mu ce ya canza. Mukan ɗauki sunan Allah mu matse bawan Allah da shi har ya karye, sa'an nan mu tsaya a kansa muna ba shi shawara. Wannan mugunta ce, ko da da murmushi aka yi ta, za mu kuwa ba da amsa a kanta.

Kowannenku ya san mutum ɗaya da bai taɓa ce masa a'a ba. Makon nan ka je gidansa ba tare da wata bukata ba, ka tambaye shi inda ke masa ciwo.